Ina baƙin mai yake tafiya?

Jawabin wani makanike ga ɗaliban makarantar yaƙi da jahilci

Jama'a, direban motar kasuwa yakan cika inji da baƙin mai, bayan kwana uku ya iske ya ragu. In ya ƙyale, wata rana inji ya kama cikin daji, ga mutane ga buhunan hatsi.

Mai ba ya ɓacewa haka kawai. A auna shi da safe, kafin a tada mota, a wurin da babu gangara. Da dare a shimfiɗa kwali ƙarƙashinta. In an ga ɗigo, yoyo ne, abin ya zo da sauƙi.

In kwali ya kwana fes, sai a dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi, mai ne ke ƙonewa. In da safe kaɗai yake fita, robar bawul ce ta tsufa. In kuwa duk lokacin da aka ba mota wuta sai ya turnuƙe, zoben fistan ya cinye. Ƙurar hanya ke cin shi, balle wurin masu cire matatar iska wai don mota ta ƙara ƙarfi.

In mai ya koma kamar madara, ruwa ya shige shi. Kada a tada motar, a ja ta zuwa gareji.