Furosesa da Madabod: Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Haɗa Kwamfutar Wasa

 

Wataƙila wasu daga cikin manyanmu na mamakin yadda wasan kwamfuta ya samu gurbi a taro irin wannan. Dalilin shi ne, matashin da ya iya haɗa kwamfutar da za ta ɗauki EA Sports FC ko GTA V, ya iya haɗa wadda za ta yi aikin tace bidiyo ko zanen gini, kuma wannan sana'a ce da ake ci da ita. Kuɗin da yake kashewa kuma ba a ƙasa ya tsince su ba, ya cancanci a faɗa masa gaskiya kafin ya shiga kasuwa.

Abin da na fi gani yana cinye kuɗin matasa shi ne son babban suna. Yaro ya ji an ce i7 ko i9, sai ya zuba rabin abin da ya tara a kan furosesa, ya dawo yana neman katin hoto mafi araha. Ya zama kamar wanda ya sayi ingarman doki ya rasa kuɗin harawa. A yawancin wasanni katin hoto ne ke ɗaukar nauyi mafi girma. Furosesa matsakaici mai cibiya 6 ya ishi mai wasa, abin da ya rage a kai shi ga katin.

Furosesa da madabod kuwa tare ake zaɓarsu, domin kowane furosesa yana da soket ɗinsa, kuma ba ya shiga wani. AMD ta fito da soket ɗin AM4 a 2016, ta riƙa yi masa sababbin furosesa shekara bayan shekara, shi ya sa kayansa suka wadata a kasuwa, sabo da na hannu. A kansa ne Ryzen 5 5600 yake zama, wanda ya fito a 2022, mai cibiya 6, kuma yana zuwa da fankarsa a cikin kwali. A ɓangaren Intel akwai soket ɗin LGA1700 da ya fito a ƙarshen 2021, wanda ke ɗaukar zubi na 12 da na 13 da na 14. Kishiyar 5600 a can ita ce Core i5-12400F, shi ma mai cibiya 6. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, i3-12100F mai cibiya 4 ba abin rainawa ba ne.

Ku lura da haruffan da ke ƙarshen suna, don nan mutane suke faɗawa rami. Harafin F a wajen Intel yana nufin furosesan ba shi da sashen hoto a cikinsa. In ka haɗa shi ba tare da katin hoto ba, allo zai tsaya baƙi ƙirin, ka yi ta zargin mai shago alhali ba laifinsa ba ne. Ryzen 5 5600 ma haka yake. Ɗan'uwansa 5600G ne ke da sashen hoto, kuma shi nake ba wa duk wanda bai da kuɗin kati yanzu shawara ya saya. Zai buga ƙananan wasanni in ya rage ingancin hoto, ya ci gaba da tara kuɗi. Sai dai ma'ajiyarsa ta ciki MB 16 ce, ta 5600 kuwa MB 32, don haka ranar da kati ya zo zai ɗan kasa ɗan'uwansa gudu.

A madabod, ni B550 nake zaɓa wa AM4. Ya fito a 2020, yana da PCIe 4.0 ga katin hoto da ma'ajiyar M.2 guda. B450 na 2018 ya fi araha kuma yana aiki, amma tsohon ajiya yakan buƙaci a sabunta masa BIOS kafin ya gane Ryzen na jerin 5000, don haka a sa mai shago ya kunna a gabanka. Ga Intel, B660 ko B760 sun isa. Bod ɗin Z790 na masu furosesa mai harafin K ne da ke son ƙara masa gudu da kansu. Mai 12400F da ya saye shi ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa amfani da shi ba. A kuma tambaya ko bod ɗin na DDR4 ne ko na DDR5, domin LGA1700 yana zuwa da kowanne, kuma ramin ɗaya ba ya karɓar ɗayan. RAM ɗin a sayi guda 2 masu GB 8, sun fi guda ɗaya mai GB 16 gudu, musamman ga mai 5600G. Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, saboda haka a fara jin kuɗinsa kafin a yanke shawarar bod.

Za a ce mini me ya hana a je AM5, wanda ya fito a 2022 kuma AMD ta yi alkawarin tallafa masa har 2027 ko fiye. Mai hali ya je, gabansa ta fi tsawo. Amma DDR5 kaɗai yake ɗauka, kuma mu maganar mai ƙaramin ƙarfi muke yi.

Akwai abin da masu sharhi na Turai da Amurka ba sa damuwa da shi, mu kuwa dole ne. Zafin Kano ko Maraɗi a watan Afrilu yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke zuwa tana tsalle. Saboda haka ku dubi gefen soket: in akwai ƙarfen sanyaya a kan sassan da ke daidaita wa furosesa wuta, bod ɗin zai fi jure ɗakinku. Sitabilaiza ko UPS kuma cikin lissafin farko suke.

Masu sayen na hannu a Farm Centre ko Computer Village ta Ikeja, ku haska fitila ku duba fil-fil ɗin. A AM4 a jikin furosesa suke, a LGA1700 a cikin soket ɗin bod suke, kuma guda ɗaya da ya lanƙwashe na iya hana kwamfuta tashi. Ku kuma yi hattara da haɗin tsofaffin Xeon da bod marasa suna da ake tallatawa a intanet. Araha ba ta ado. Dalili kuwa, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa yana neman TPM 2.0 da furosesan Intel daga zubi na 8 ko Ryzen daga jerin 2000, kuma wasa irin Valorant ba ya yarda ya buɗe a kansa sai da TPM 2.0 ɗin.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, kafin ku miƙa ko sisi, ku buɗe shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin, ku nemi jerin furosesan da yake ɗauka, ku ga sunan naku a ciki da idonku.