Amsoshin Wasiƙunku: Maigida Ya Daina Shan Maganinsa

A wannan makon wasiƙa ɗaya za mu ɗauka, domin maganar da ke cikinta ta rayuka ce.

Wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta, ta roƙi a sakaya sunanta, mun kuwa sakaya. Ta ce maigidanta ya dawo daga cin rani ba lafiya, aka auna jininsa aka sami ƙwayar cutar ƙanjamau. Ya sha magani wata takwas, ya murmure har ya yi noman damina, sai ya ajiye magani, wai ya warke. Ita kuma tana da ciki wata huɗu, ga abokiyar zamanta ba ta san komai ba. Tana tambaya, shin ya warke ɗin? Ɗan cikinta kuma fa?

To, 'yar'uwa, gaskiya ɗaya ce: bai warke ba. Waɗannan magunguna na rage kaifin cuta ne. Aikinsu shi ne su hana ƙwayar hayayyafa a cikin jini, har garkuwar jiki ta farfaɗo. Amma ƙwayar tana nan a laɓe. Kamar ƙuduji ne a gonar gero: ka cire wanda ya fito, irinsa yana cikin ƙasa yana jira. Da zarar an ajiye magani, cikin 'yan makonni sai ta sake yaɗuwa. Sha yau a bari gobe kuma shi ke koya mata jure wa maganin, ranar da aka koma sai a tarar ba ya ci. Lafiyar da maigidanki ya samu, ai shaida ce cewa maganin yana aiki, ba dalilin barinsa ba. Duk mai sayar da wani jiƙo a kasuwa da sunan yana warkar da ita, kuɗinku kawai yake so.

Manya za su tuna, lokacin da aka ba da sanarwar ɓullar cutar a Nijeriya a 1986, babu magani ko ɗaya. A 1996 likitoci suka tabbatar cewa haɗa magani uku shi ke danne ta. Gwamnatin Tarayya ta fara rarraba shi a 2002, ta mai da shi kyauta a 2006. Yau ƙwaya ɗaya ce a rana, an haɗa ukun a cikinta. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar, saboda haka ba a kanku aka fara ba.

Ke kuma, kada ki jira gobe ta wuce. Je ki awon ciki, ki nemi a auna jininki. In an samu, a ranar za a iya ɗora ki a kan magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba magani, cikin jarirai 100 na uwaye masu ƙwayar, 15 zuwa 45 suna kamuwa. In ana sha yadda ya kamata, ba su kai 5 ba. Ki haihu a asibiti, domin akwai maganin ruwa da ake fara ba jariri da zarar ya faɗo, sannan a auna shi a mako shida. Ki ba shi nono zalla wata shida, ke kuma kina shan naki. In ana ba ki ƙwayar ƙarin jini, tambayi malamar asibiti yadda za ki tsara lokutansu, don ƙarfen da ke ciki yana iya rage ƙarfin maganin.

In kuwa ba a samu ba, alhamdu lillahi, amma da sauran aiki. Akwai maganin riga-kafi da ake ba wanda abokin zamansa ke da ƙwayar. Ku yi amfani da kwaroron roba, ki kuma maimaita gwaji kafin haihuwa.

Yanzu bari in juya gare ka, Malam maigida, don na san rediyon nan ɗaya ce a gidan. Mata biyu amana ce a wuyanka. Abokiyar zamanta tana da haƙƙin sani, kuma daga bakinka ya fi dacewa ta ji. In nauyi kake ji, ku tafi asibiti tare, akwai masu ba da shawara da aikinsu ke nan, kuma sirri ne. Ga albishir: wanda ya riƙe magani har gwaji ya nuna ƙwayar ba ta ganuwa a jininsa, ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Wato ƙwayar nan da kake haɗiya, kariya ce ga gidanka duka.

In kuɗin mota ne matsala, faɗa musu, ana ba wanda ya daidaita maganin wata uku ko fiye a tafi ɗaya. In za ka koma cin rani, karɓi takardar canjin asibiti. In azumi ne, a shawarci likita a mayar da shi bayan shan ruwa. In abin ya rikice, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Sauran jama'a kuma, ba a ɗaukar wannan cuta ta cin tuwo kwano ɗaya, ko musafaha, ko cizon sauro. Amma a kula da askar wanzami da allurar da aka yi wa wani. Dokar da Jihar Kano ta kafa a 2024 ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure, iyaye da waliyyai a kiyaye. Tsangwama ita ke sa mara lafiya ɓoye maganinsa a rumbu, har ya daina sha.

'Yar'uwa, Allah Ya sauke ki lafiya. Ki sake rubuto mana mu ji yadda aka yi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.