Naɗin Fulawa Mai Kifi: Jawabi Ga Masu Girki A Gida

 

Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne wani ɗan abin taɓawa da ake ajiye wa baƙo kafin babban abinci ya iso, watau naɗin fulawa da ake kira sifirin-rol. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda ake cinsa a bikin shigowar sabuwar shekararsu. Yanzu kuwa ya zama ɗan gari a birnin Gombe. Da wuya a yi walimar aure ko ta suna, ko a shimfiɗa kayan buɗa baki da azumi, ba a gan shi tare da samosa ba.

A ƙasashen bakin teku, jatan lande da naman ƙaguwa ake cusawa a ciki. To, amma tsakanin Gombe da Legas akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota. Ɗanyen jatan lande ba ya iso mu sai a daskare, kuma idan wutar lantarki ta ɗauke ya narke, aka sake daskarar da shi, lalle ya zama abin tsoro. Alhali kuwa Allah ya hore mana kogin Gongola da dam ɗin Daɗin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, inda masunta ke kama tarwaɗa da ƙarfasa. Shawararmu ita ce a yi amfani da kifin gida. Ya fi araha, ana iya ganin lafiyarsa da ido, kuɗin kuma ya tsaya a hannun masuntanmu. Mai son ƙamshin teku sai ya daka busasshen jatan lande cokali guda ya barbaɗa.

Da farko, zaɓen kifi. Lafiyayyen kifi idonsa garau yake, cikin kumatunsa ja wur, in an danna tsokarsa da yatsa sai ta komo. Wanda idonsa ya faɗa, ko tsokarsa ta saki, ko yake ɗoyi, a bar wa mai shi kome araharsa. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya tsananta, a sayo kifi da sassafe, a gyara shi nan take. Wuƙa da katakon da aka yanka kifi da su, kada a yanka kayan lambu da su sai an wanke da sabulu.

Na biyu, fallen naɗi. A sami fulawa kofi 2, da farin garin masara mai laushi cokali 2, da ɗan gishiri. A dama da ruwa kamar kofi 2 da rabi, har ya yi ruwa-ruwa kamar koko, a tace don kada a bar gudaji. A ɗora kaskon da abinci ba ya kamawa a kan wuta kaɗan, a shafa ƙullin da buroshi, shafe ɗaya mara kauri. Da zarar gefensa ya ɗago, sai a ɓare shi tun bai yi ja ba. A riƙa jera su ana rufewa da tsabtataccen ƙyalle mai danshi, domin in sun bushe tsagewa suke yi wajen naɗi.

Na uku, abin cusawa. A turara kifi rabin kilo da albasa da citta da tafarnuwa na minti 10, har tsokarsa ta yi fari, ba sauran ja a jikin ƙashi. Sa'an nan a zauna a tsince ƙaya da hannu, a bi sau biyu, gama ƙaya guda da ta ɓuya cikin naɗi tana iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. A yanka kabeji da karas da tattasai siri-siri, a soya sama-sama da mai cokali 2, a zuba kifin da attaruhu da gishiri. A juye a matsami ruwan ya tsane, a bar shi ya huce sarai. Jiƙaƙƙen haɗi ko mai zafi shi ke sa naɗi ya fashe a cikin mai, ya fantsamo wa mai suya.

A ɗauki falle guda, a sa haɗin cokali ɗaya kusa da baki, a naɗe sau ɗaya, a lanƙwaso dama da hagu, a ƙarasa naɗewa, kana a liƙe bakin da ɗan damammen fulawa.

Na huɗu, suya. A sayi man gyaɗa mai tsabta, ko man kwalba mai lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. Zafin da ake bukata kamar digiri 175 ne a ma'aunin santigireti. Wanda ba shi da ma'auni ya jefa ɗan guntun falle: in ya taso nan da nan yana kumfa, mai ya yi, in mai yana hayaƙi, ya wuce. A riƙa sa huɗu ko biyar a lokaci guda, ana juyawa na minti 3 zuwa 4, har su yi ja. Man da ya yi baƙi, ko ya yi kauri, ko ya canza wari, a daina suya da shi. Idan kuwa wuta ta kama mai, kada a kuskura a watsa ruwa. A kashe murhu, a rufe kaskon da murfin ƙarfe.

Daga ƙarshe, ajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a bar dafaffen abinci a sarari fiye da awa 2. Don haka uwargida mai shirin buɗa baki kada ta soya da hantsi ta ƙulle a leda har magariba. Ta naɗa, ta sa a firji, ta soya dab da lokaci. In ba firji, ta fara aikin bayan la'asar. Har wa yau, a sanar da baƙi in an sa jatan lande, domin akwai waɗanda jininsu bai haɗu da shi ba: jiki ya yi ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Wanda ya ga haka, a garzaya da shi asibiti.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Kifi sabo, haɗi tsananne, mai mai tsabta: wanda ya kiyaye waɗannan uku ya karrama baƙonsa, ya kuma sallame shi lafiya. Muna roƙo wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.