Auren Jinsi Ɗaya, Majalisa da Kotu: Jawabi ga Dattawan Ikilisiya

 Matasanmu suna ta yi mana tambaya a kan auren jinsi ɗaya. Ya kamata mu amsa musu da sani, ba da jita-jita ba.

Ta ƙofa biyu wannan aure ya shiga dokokin ƙasashe. Ta farko ita ce majalisa. Holan ce ta fara a 2001, Beljiyam ta biyo baya a 2003, Sifen kuma a 2005. Ta biyu ita ce kotu. A Afirka ta Kudu, Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a 2005, ta ba majalisa shekara ɗaya ta gyara doka, aka gyara a 2006. A Amurka kuwa, a 2015 ne alƙalai 5 na Kotun Ƙoli suka rinjayi 4.

Mu lura da wani abu. Dokar Ingila ta 2013 ta halatta wannan aure, amma ta hana a tilasta wa kowace ikilisiya ta ɗaura shi. Wato auren gwamnati daban, wanda ake ɗaurawa a gaban bagade daban.

A Nijeriya, Shugaba Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014 kan dokar da ta haramta shi, da ɗaurin shekara 14. Amma koyarwarmu ba daga majalisa ta fito ba. Daga Littafin Farawa muka koya cewa aure tsakanin namiji da mace ne, kuma a nan muke tsaye.

Duk da haka, 'yan'uwa, mu tsiraru ne a garuruwanmu. Mun san ɗacin hukuncin da ake yankewa a bakin titi. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999, da ya ba mu 'yancin addini, kotu ce ke kare shi. Idan muka tafa wa masu dukan mutum saboda zargi, mun raunana dokar da mu ma muke fakewa da ita. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna roƙon dattawa: ku koyar da aure a sarari, ku hana zagi da tonon silili a majami'a, kuma matashin da ya kawo damuwarsa ku saurare shi, ku rufa masa asiri.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.