Asalin Sunayen Yara a Damagaram da na Turawan Ingila

A Droum, cikin yankin Mirriya na jihar Damagaram, ranar bakwai ake raɗa wa jariri suna. Liman ya yi addu'a, a yanka rago, wanzami ya yi aski, maroƙi ya shelanta sunan a ƙofar gida, a raba goro. Wannan shi ne sunan yanka. Yawancinsa daga Larabci ya zo, sai dai bakin Hausa ya sassaƙa shi: Muhammadu ya koma Mamman, Abubakar ya koma Habu ko Garba. Da yake Damagaram ta daɗe tana bin Barno, ana jin sigar Barebari ma, irin su Bukar da Falmata.

Amma sau da yawa ba da sunan yanka ake kiran yaro a gida ba. Uwa tana kunyar sunan ɗan fari, haka kuma in an mayar da sunan surukinta, sai ta ce Baba ko Abba. Nan lakabi yake shigowa, kuma shi ne mai ba da labari. Ladi da Ɗanladi ranar Lahadi suka zo duniya, Jummai ranar Juma'a, Balarabe ranar Laraba. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo kuwa tagwaye ya bi. Mafi nauyi su ne na 'ya'yan wabi. Matar da 'ya'yanta suke rasuwa takan ce wa na gaba Ajuji ko Ayashe, wai in an nuna ba a damu da shi ba, mutuwa za ta ƙyale shi.

Sunayen Ingilishi ma haka suka faro, da ma'ana a fili. Edward a tsohon Ingilishi mai tsaron dukiya ne. William kuwa ya yaɗu ne bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066. Wani babban kaso daga Ibrananci ya shigo ta hanyar Kiristanci, kuma a nan aka yi tarayya da Musulmi: Joseph shi ne Yusufu, David Dauda, Mary Maryama, John Yahaya. Bambancin shi ne harshen Turawan Ingila ya sauya har ma'anar ta ɓuya, sai an buɗe ƙamus. Bahaushe kuwa da ya ji Azumi ya san watan haihuwarta.

A Damagaram kuwa, Faransawa sun shiga birnin Zinder a 1899, kuma rubutunsu ya kawo siga ta uku, ta takarda: Moussa, Oumarou, Issoufou. Takardar haihuwa sunan yanka da na uba take ɗauka a mafi yawan lokuta. Lakabi kan tsaya a bakin kakanni.