Kashi na 14: Kafin ka biya kuɗin gida, tambayi wa ke da ikon sayar maka

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, maganar cinikin gida za mu yi, kuma da labarin kawuna zan fara.

Kawuna malamin firamare ne. Da ya yi ritaya aka biya shi garatuti bayan dogon jira, ya ce ya gaji da haya. Dillali ya kai shi wani gida a cikin Kano, ya gani ya yaba, aka daidaita. Aka rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, shaidu suka sa hannu, aka shafa fatiha. Bayan shekara biyu sai ga sammaci daga kotun shari'ar Musulunci. Ashe gidan gado ne, ba a raba ba. Babban wa ne ya sayar, akwai ƙanwarsu da ke aure a wani gari, ba wanda ya ko tuntuɓe ta. Wanda ya sayar kuwa tuni kuɗi sun bi ruwa. Ƙarshe sulhu aka yi, kawu ya sake biyan kason matar nan daga aljihunsa, sai da ya sayar da gonarsa.

To ku lura, takardar kawu ba ta bogi ba ce. Abin da ta tabbatar shi ne ya biya kuɗi. Ba ta tabbatar da cewa wanda ya karɓi kuɗin yana da ikon sayar da gidan gaba ɗaya ba. Nan ne yawancinmu muke faɗawa rami.

Bari mu duba doka. A 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya. Sashe na 1 ya ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Ke nan abin da kake saye haƙƙin zama ne da amfani, shi ne ake ba ka satifiket a kansa, wato C of O, galibi na shekara 99 idan gidan zama ne. Sashe na 22 ya ce mai wannan haƙƙi ba zai miƙa shi ga wani ko ya jinginar da shi ba sai da amincewar gwamna. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar rusasshe ne. Kada ku ɗauka wasa ne. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida sukutum saboda ba a nemi amincewar gwamna ba. Banki fa ke nan, mai lauyoyi. Ina ga ni da kai?

To me mutum zai yi? Na farko, bincike kafin biya, ba bayan biya ba. Karɓi kwafin takardun gidan, ka sa lauya ya je ofishin filaye ya duba fayil. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. A can za a ga sunan wa ke kan fayil ɗin, ko gidan na jingine a banki, ko gwamnati ta soke takardar. Idan mai gida ya ce ainihin satifiket ɗin ya ɓata, to ka yi hattara, wani lokacin yana ajiye ne a banki.

Na biyu, ka taka da ƙafarka. Ɗauki safiyo ya auna, a tabbatar filin da ke cikin takarda shi ne wanda aka nuna maka, kuma bai ci hanya ko magudanar ruwa ba. Ka zauna da maƙwabta, musamman dattawa. Su suka san wa ya gina gidan, 'ya'yansa nawa, ko akwai ƙara a kotu. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, idan gidan gado ne, nemi takardar rabon gado daga kotu. Idan ba a raba ba, kowane magaji ya sa hannu da kansa, mata da maza, na gida da na nesa. Idan da marayu ƙanana, a bi ta kotu. A mazhabar Malikiyya ma akwai haƙƙin shufu'a: idan ɗaya ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa na iya biyan kuɗin ya karɓe kason daga hannunka. Kuma 'yan uwana maza, a ji tsoron Allah. Kasancewarka babban wa bai mayar da kason ƙannenka mata naka ba.

Na huɗu, lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, a biya harajin hatimi, a nemi amincewar gwamna, a yi rajista. Wasu na tsayawa a takardar wakilci don gudun kashe kuɗi. Wakilci izini ne ka yi abu da sunan wani, shi kaɗai ba ya mayar da gida naka. Kuɗi kuma a tura ta banki, zuwa asusun mai gidan, ba na dillali ba. Ba zagin dillalai nake ba, sana'a ce, amma dillali la'adarsa sai ciniki ya faɗa. Lauyanka kuwa ko ya ce maka kada ka saya, ya yi aikinsa.

Mai sayarwa, kai ma da naka. Kada ka saki ainihin takardu sai kuɗinka sun cika. A rubuta ranar cikon kuɗi, da abin da zai faru idan ba a cika ba. Idan da 'yan haya a ciki, ka faɗa tun farko. Sannan ka tabbatar an sauya suna, in ba haka ba harajin filin zai ci gaba da taruwa da sunanka.

Na san wani zai ce, ai bin wannan hanya akwai tsada da ɓata lokaci. Gaskiya ne, kuma shi ya sa talaka ke tsayawa a takardar mai unguwa. Wannan kukan gwamnatocin jihohi za mu kai wa: a rage kuɗin rajista, a manna farashi a fili kowa ya gani, a sa wa'adin fitar da takarda. Amma kafin a gyara, kuɗin bincike da na lauya ba su kai ko kusa da abin da kawuna ya rasa ba.

Ga aikin da zan bar mana. Mu da muka yi boko, yau ka tambayi Baba ko Mama takardun gidan da kuke ciki. Ka karanta, ka ga sunan wa ke kai. Idan har yanzu sunan kakanku ne, ku zauna ku gyara tun manya na raye.

Wanda irin wannan ta taɓa faɗa masa, ya ba mu labari, amma ban da kama suna. Sai mun haɗu a kashi na gaba. Allah Ya ba kowa muhalli na halal, Ya raba mu da rigima. Wassalamu alaikum.