Ƙidayar Japananci a Filin Motsa Jiki

A Japan, kullum ƙarfe 6:30 na safe gidan rediyon NHK kan sa shirin motsa jiki, al'adar da ta faro tun 1928. Tsofaffi, ma'aikata, har yara 'yan hutu da katin buga hatimi rataye a wuya, kowa na miƙa hannu yana ƙirga: ichi, ni, san, shi, go, roku, shichi, hachi, wato ɗaya zuwa takwas. Sai a koma farko.

Mai koyon Japananci, ga makaranta kyauta. 'Yan karate ma da wannan ƙidayar suke kai naushi, ba sa mantawa, don baki da gaɓoɓi tare suka haddace. Sai dai fa a kantin Tokyo takwas ba ta isa ba, kwanon taliya ma ɗaruruwan yen ne.